Jijiya Ɗaya, Ma'ana Huɗu: Nazarin Keɓaɓɓun Kalmomin Ƙwaƙwalwa da Laka a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kalmomin da Hausa take amfani da su wajen ambaton ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suke fita daga cikinsu, tare da sunayen cututtukan da suke kama su. An ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure, zuwa Kumbotso a bakin birnin Kano, a matsayin madubi, domin sana'ar mutanen yankin tana haɗa su da sauro da ruwan kwance da magungunan feshi, kuma duk ukun suna iya taɓa wannan sashe na jiki. An nuna cewa kalmar *jijiya* tana ɗauke da ma'anoni da dama waɗanda likitancin zamani ya rarrabe, kuma galibin sunayen cututtukan an gina su ne a kan alamar da ido ya gani ko a kan sanadin da al'ada ta zata. Daga ƙarshe an gabatar da wasu kalmomi da ma'aunan tantance su.

1.0 Gabatarwa

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ya daɗe. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta taɓa shi, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ɗora, kuma littafin *Hausa Metalanguage* wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba malaman harshe da adabi kalmomin da har yau ake koyarwa da su. Fannin lafiya bai samu irin wannan gata ba. Yawancin kalmominsa a gidajen rediyo da ɗakunan shan magani aka ƙirƙire su, a tsaye, lokacin da mai fassara yake neman abin da zai faɗa kafin mai magana ya ci gaba.

A fannin nahawu, idan kalma ta yi rauni, ɗalibi ne zai rasa maki. A asibiti kuwa, abin da majiyyaci ya fahimta shi ne zai sa ya amince a yi masa gwaji ko ya ƙi, ya garzaya asibiti ko ya kwana a gida. Kano ta ga misalin wannan. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kuma kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Daga cikin abubuwan da aka shafe shekaru ana jayayya a kansu a kotu akwai batun ko an yi wa iyayen yaran bayanin da suka fahimta kafin a nemi yardarsu. Yarda kuwa ba ta tabbata sai da harshen da mai bayar da ita yake ji.

Manufar maƙalar ita ce ta bayyana abin da Hausa ta riga ta mallaka a wannan fanni, ta nuna inda ma'ana take cin karo da ma'ana, sannan ta ba da shawara. An dogara ne da ƙamusoshi, tun daga na Bargery (1934) zuwa *Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero* (2006), da kuma maganar yau da kullum ta karin harshen Kananci.

2.0 Muhallin Nazari

Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fi sani da Kadawa, yana samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi, kuma ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa su ne manyan amfanin gonar yankin. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin garinsu, ta hanyar Zariya ake bi da shi, a ratsa Kumbotso, zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ruwan da ya kawo arziki ya zo da nasa larurorin. Sauro ba ya yankewa da rani kamar yadda yake yi a garuruwan tudu, kuma zazzaɓin cizon sauro idan ya tsananta yana taɓa ƙwaƙwalwar yara, ya jawo jijjiga da doguwar suma. Tsargiya tana nan a duk inda dodon koɗi ya samu ruwa mai tafiyar hawainiya, kuma a wasu lokuta ƙalilan ƙwan tsutsarta kan maƙale a laka ya kashe ƙafafu. Noman tumatir kuma ya dogara da feshi. A kan waɗannan ga sanƙarau na lokacin zafi da hawan jini waɗanda yankin ya yi tarayya da sauran ƙasar Hausa a cikinsu. Saboda haka manomin Kura yana da buƙatar waɗannan kalmomi fiye da yadda ɗalibin jami'a yake da ita.

3.0 Kalmomin Gado

3.1 Ƙwaƙwalwa da Laka

Hausa ba ta da matsala da manyan gaɓoɓin guda biyu. Mahauta da masu fiɗa sun san *ƙwaƙwalwa* ko *ƙwalwa* a cikin ƙoƙon kai, sun san *laka* da take bin ramin ƙashin baya, kuma sun bambanta ta da *ɓargo* na cikin sauran ƙasusuwa. Wannan bambanci abin lura ne, domin harsuna da dama kalma guda suke yi wa laka da ɓargo. A Larabci *nukha'* tana ɗaukar duka biyun, haka ma a Faransanci sai an ƙara siffa kafin a rarrabe.

Har ila yau maganar yau da kullum ta gane aikin laka:

(1) Ya zauna kamar marar laka.
(2) Yana tafiya kamar ba shi da laka a jiki.

Jimlolin nan suna nuna cewa Bahaushe ya danganta laka da ƙarfin motsi da tsayuwar jiki, abin da ilimin zamani ya tabbatar. Sai dai wannan sani yana da wani sakamako a asibiti. Idan ana zargin sanƙarau, likita yana buƙatar ya ɗebi kaɗan daga ruwan da ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka. Idan mai fassara ya ce "za a ɗebi lakarsa", uba yana da hujja idan ya ƙi, tun da a fahimtarsa za a mayar masa da ɗa marar laka. Gaskiyar lamarin ita ce, a jikin baligi laka tana ƙarewa ne a daidai ƙashi na ɗaya ko na biyu na tsatso, ita kuwa allura a ƙasa da nan ake soka ta. Abin da ake ɗiba ruwa ne garai-garai wanda jiki yake samar da kusan rabin lita nasa a kowace rana. Tazarar da ke tsakanin "ɗibar laka" da "ɗibar ruwan da ya kewaye laka" kalmomi huɗu ne kacal, amma a kansu amincewar uba ta rataya.

Wani abin lura shi ne rabon aiki tsakanin ƙwaƙwalwa da zuciya. Ana cewa "yana da ƙwaƙwalwa" ga mai hazaƙa da hadda, amma fushi da tsoro da niyya da saƙe-saƙe duk a zuciya Hausa ta ajiye su: *zuciyarsa ta ɓaci*, *ya saƙa a zuciyarsa*. Aristotal ma a zuciya ya ajiye tunani. Wannan salon magana ne da babu dalilin yaƙarsa, illa dai mai koyar da ilimin jiki ya san cewa zai tarar da shi a kan ɗalibansa.

3.2 Jijiya

A nan ne gizo yake saƙar. Dubi waɗannan jimloli:

(3) An nemi jijiya an rasa, sai aka sa masa ruwa ta ƙafa.
(4) Naman nan duk jijiya ne.
(5) Haƙorin ya rube har ya kai ga jijiya.
(6) Bishiyar ta yi jijiya har ƙarƙashin katanga.

A (3) ana nufin hanyar jini. A (4) ana nufin farin zaren da yake ɗaure tsoka da ƙashi, wanda babbansa na bayan dunduniya yake da sunansa na musamman, wato *agara*. A (5) ana nufin silin da yake ɗaukar saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. A (6) kuwa saiwa ake nufi. Abin da ya haɗa su huɗun shi ne kama: kowanne dogo ne, siriri, mai rassa, mai wuyar tsinkewa. Kalmar ta siffanta abin da ido ya gani, ba ta ce komai ba game da aikin da kowanne yake yi.

Wannan hali bai keɓanta da Hausa ba. Kalmar Girkanci *neuron*, wadda duk sunayen wannan fanni na zamani suka tsiro daga gare ta, asalin ma'anarta agara ce da tsarkiyar baka. Haka *nervus* ta Latin, haka *asab* ta Larabci. Sai a wajejen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin Iskandariyya, Hirofilus ya rarrabe jijiyar saƙo da ta ɗaurin tsoka ta hanyar fiɗa, ya kuma lura cewa wasu na ji ne wasu na motsi. Duk da haka tsohuwar kalmar aka ci gaba da amfani da ita, aka ƙuntata ma'anarta a hankali. A 1891 ne Waldeyer ya ɗora ta a kan ƙwayar halittar da take ɗaukar saƙo, ma'anar da ɗalibai suka sani a yau. Darasin da ke nan shi ne cewa keɓaɓɓiyar kalma ba a haifar ta keɓaɓɓiya. Masu ilimi ne suke ɗaukar kalmar kasuwa su yi mata iyaka, su dage a kan iyakar har ta zauna.

Illar rashin iyakar tana bayyana a jimla irin wannan:

(7) Likita ya ce ciwon jijiya ne.

Mai ciwon suga da ƙafarsa take zugi da minjirya, da ɗan ƙwallon da ya gurɗe, da dattijon da hanyar jinin ƙwaƙwalwarsa ta toshe, duk za su koma gida da wannan jimla guda. Na farko yana buƙatar daidaita suga da kula da tafin ƙafa, na biyu hutu, na uku kuwa yana cikin gaggawa. Mai tallar maganin "ciwon jijiyoyi" a bayan mota da lasifika shi ne yake cin ribar wannan duhu, tun da kwalba ɗaya za ta yi wa su ukun.

4.0 Sunayen Cututtuka

Masu nazarin magungunan Hausawa, irin su Lewis Wall a littafinsa na 1988, sun lura cewa ana yawan raɗa wa ciwo suna daga alamarsa ko daga abin da ake jin ya jawo shi. Cututtukan wannan fanni sun bi wannan tsari.

4.1 Sunaye Daga Alama

*Sanƙarau* ta fito daga aikatau *sanƙare*, da ɗafa-ƙeyar *-au* irin ta *mantau* da *makarau*. Suna ne mai kyau, gajere, wanda kowa ya sani. Rauninsa shi ne ya ɗaure cutar da alama guda. Cutar kumburi ce ta tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma a jikin jarirai sau da yawa wuya ba ya sanƙarewa. Abin da ake gani shi ne zazzaɓi, ƙin kama nono, kuka marar daɗin ji, da kumburin maɗiga. Uwar da take jiran wuya ya sanƙare kafin ta kira abin sanƙarau za ta makara. Ta ɗaya gefen kuma, cutar sarƙewar haƙora da ake ɗauka ta rauni ko ta cibiyar jariri ita ma tana sanƙarar da jiki, alhali ƙwayar cutarta da rigakafinta daban ne. Nijeriya ta fara allurar MenAfriVac a 2011, kuma a 2024 ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Bayanin "nau'i" ga jama'a yana buƙatar a fara raba sunan cutar da alamarta.

*Farfaɗiya* ninki ne na saiwar *faɗ-*, inda /ɗ/ ta koma /r/ a ƙarshen gaɓa kamar yadda aka saba a tsarin sautin Hausa. Ma'anarta faɗuwa a kai a kai. Maimaituwar da ninkin ya nuna ta dace da ma'anar likitanci, domin ba a kiran ciwo farfaɗiya sai yana dawowa ba tare da wani sanadi na nan take ba. Amma akwai nau'in da ba a faɗuwa: yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, ya daina amsawa, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Malamin makaranta zai kira wannan shashanci. Haka kuma akwai faɗuwa da kakkafewa da ba farfaɗiya ba ne, kamar jijjigar zazzaɓi a ƙananan yara, da ta mai juna biyu da jininta ya hau. Hausa tana da *jijjiga* da *taune-taune* domin aukuwar kanta, don haka ya kamata a tsayar da *jijjiga* ga aukuwa, *farfaɗiya* ga cuta mai dawowa. Amfanin wannan rabo ya wuce asibiti. Yarinyar da aka ce ta taɓa farfaɗiya, alhali jijjigar zazzaɓi ta yi tana 'yar shekara biyu, sunan zai iya bin ta har lokacin aure. Ga kuma camfin cewa ana ɗaukar cutar ta yawun mai ita, wanda ba shi da tushe, amma yana sa a gudu a bar mutum kusa da wuta ko bakin kanal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da jijjiga idan suka samu magani yadda ya dace.

*Shanyewar ɓarin jiki* ko *mutuwar ɓarin jiki* ta ambaci sakamako ne, ta nuna hannu da ƙafa. Ainihin ɓarnar kuwa a ƙwaƙwalwa take, inda hanyar jini ta toshe ko ta fashe, kuma a ɓangaren da yake kishiyar wanda ya shanye, domin silin umarni suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa. Tun da sunan ya kai hankali ga gaɓa, magani ma gaɓa yake bi: tausa, gashi, shafe-shafe. Maganin narkar da gudan jini kuwa yana aiki ne a cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko. Wasu kafofin yaɗa labarai suna cewa *bugun jini*, amma wannan tana rikicewa da bugun da ake ji a wuyan hannu.

4.2 Sunaye Daga Sanadin da Aka Zata

*Shan inna* ita ce fitacciya a wannan rukuni. Inna aljana ce a tsarin bori, wadda ake jin tana shanye gaɓar mutum. Elisha Renne ta yi bayanin wannan a littafinta na 2010 kan siyasar cutar a Arewacin Nijeriya. Da aka ɗora wannan suna a kan cutar foliyo, an ci riba an kuma yi asara. Ribar ita ce masu sa ido suna neman duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ko mene ne sanadi, domin a gwada bayan gidansa. Faɗin ma'anar *shan inna* ya dace da wannan nema. Asarar ta fito ta fuska biyu. Ta farko, sunan da kansa yana cewa ciwon na iska ne, don haka ɗigon baki ba shi da hurumi a ciki, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka yi wa jita-jita taki lokacin da Kano ta dakatar da rigakafi daga 2003 zuwa 2004. Ta biyu, da aka sanar a ranar 25 ga Agusta, 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji, abin da mai sauraron rediyo ya ji shi ne "an kawar da shan inna". Idan bayan haka ya ga yaron maƙwabci ƙafarsa ta shanye, ko saboda allurar da aka soka a kan babbar jijiyar ɗuwawu, ko saboda wata cuta dabam, sai ya ɗauka hukuma ta yi ƙarya. Shawara a nan ita ce a riƙe *foliyo* ga cutar, a bar *shanyewa* ga alamar.

*Haukan kare* ta fi sa'a, domin sanadin da ta ambata gaskiya ne. Abin da ta ɓoye shi ne cewa ƙwayar cutar jijiyar saƙo take bi sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, wanda shi ne dalilin da ya sa wanke raunin da sabulu da yin allura nan da nan suke ceton rai, jiran alama kuwa yake kashewa.

5.0 Ciwon da Ba Shi da Suna: Gubar Feshi

Akwai larurar da ta shafi yankin Kadawa kai tsaye wadda Hausa ba ta raɗa mata suna ba tukuna. Da yawa daga magungunan ƙwari da ake fesa wa tumatir da wake 'yan gidan oganofosfet ne, ciki har da wanda aka fi sani da *fiya-fiya*. Domin a fahimci aikinsu dole a san yadda saƙo yake tsallakawa daga ƙwayar saƙo zuwa tsoka. Tsakaninsu akwai ɗan gibi, wanda Sherrington ya raɗa wa suna a 1897 da kalmar Girkanci mai nufin haɗuwa. Saƙon lantarki idan ya iso bakin gibin sai ya saki wani sinadari, asetilkolin, wanda Otto Loewi ya nuna aikinsa a 1921. Sinadarin yana tsallakawa ya isar da umarni, nan take kuma wani sinadarin ya rushe shi domin umarnin ya tsaya. Maganin feshi wannan mai rushewar yake kashewa. Umarni sai ya yi ta zuwa babu tsayawa: yawu da hawaye da gumi su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta yi ta rawa, amai da zawo su biyo, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara.

Manomin da ya dawo daga fangali da waɗannan alamu, abin da za a ce shi ne rana ta buge shi, ko maganin ya "hau masa kai", ko kuma iska ce. Daga nan sai a ɗura masa madara ko manja, abin da ba ya karya gubar, kuma yana iya sarƙe wanda hankalinsa ya gushe. Abin da yake buƙata shi ne a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti da kwalbar maganin a hannu, inda ake da allurar aturofin. Gubar tana shiga ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. Wannan bayani gaba ɗaya ba zai yiwu da Hausa ba matuƙar *jijiya* tana nufin hanyar jini a kunnen mai sauraro, domin zai ɗauka jininsa ne ya gurɓace, ya nemi maganin wankin jini.

Ya kamata a yi hattara da wani kwatance mai jan hankali. Duk malamin lafiyar da ya tsaya a gaban manoman rani zai so ya ce jijiyoyi kamar hanyoyin ruwa ne: babban kanal daga Tiga, ƙanana zuwa gonaki. Wannan kwatance ya dace da hanyoyin jini ƙwarai, har da ma'anar toshewa da fashewa. Amma jijiyar saƙo ba bututu ba ce, ko da yake Jalinus da waɗanda suka bi shi sun ɗauka haka fiye da shekara dubu. Kwatancen da ya fi kusa shi ne wayar lantarki mai rufin roba. Idan aka raba kwatancen biyu, kanal ga jini, waya ga saƙo, an riga an yi rabin aikin rarrabe kalmomin.

6.0 Shawarar Kalmomi

Ma'aunai huɗu aka bi: kalma ta ambaci aiki ko muhalli, kada ta ci karo da wata da ake amfani da ita, ta bi ƙirar Hausa, kuma a iya gina wasu a kanta.

A wasu rubuce-rubuce ana cewa *jijiyar laka*. Tana da kyau ga tagwaye 31 da suke fita daga laka, amma ta bar tagwaye 12 da suke fita kai tsaye daga ƙoƙon kai, irin su ta gani da ta jin ƙamshi. Saboda haka an fifita *jijiyar saƙo* a matsayin uwa, *jijiyar laka* da *jijiyar ka* su zama 'ya'yanta. Haka kuma an guji *jijiyar ji*, domin *ji* a Hausa ta ƙunshi sauraro da ɗanɗano da sansana da taɓawa, ta kuma bar gani a waje. An koma ga harɗaɗɗen suna mai aikatau da karɓau, irin na *hana-salla* da *dafa-duka*.

(a) *jijiyar jini*: hanyar jini
(b) *agara* ko *jijiyar ɗauri*: mai ɗaure tsoka da ƙashi
(c) *jijiyar saƙo*: mai ɗaukar saƙo
(d) *tsarin saƙonnin jiki*: ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin saƙo gaba ɗaya
(e) *cibiyar saƙo*: ƙwaƙwalwa da laka, *rassan saƙo*: sauran
(f) *kai-rahoto*: mai ɗaukar saƙo zuwa cibiya, *kawo-umarni*: mai ɗauko shi zuwa tsoka
(g) *babbar ƙwaƙwalwa*, *ƙwaƙwalwar ƙeya*, *gindin ƙwaƙwalwa*
(h) *tantanin ƙwaƙwalwa* da *ruwan kewayen laka*
(i) *ƙwayar saƙo*, *silin saƙo*, *kuben sili*, *magamar saƙo*
(j) *ɗan-aike*: sinadarin da yake tsallaka magama

Akwai sashen da yake tafiyar da bugun zuciya da narkar da abinci da gumi ba da niyyar mutum ba. Rassansa biyu suna ɗauke da tsohon sunan Girkanci mai alaƙa da tausayi, wanda fassara shi kai tsaye ɓata ce. An ba da shawarar *mai zaburarwa* ga wanda yake shirya jiki domin gudu ko faɗa, da *mai lafarwa* ga wanda yake mayar da shi hutu.

Fassarar ma'ana irin wannan tana da tarihi a fannin. Sunayen Latin na tantanin ƙwaƙwalwa na waje da na ciki, masu nufin "uwa mai tauri" da "uwa mai taushi", fassara ce ta kalma da kalma daga Larabcin likitoci irin su Ali bin Abbas al-Majusi, wadda masu fassara na ƙarni na 11 da na 12 suka yi. Inda babu amfanin fassara, kamar sunayen sinadarai da magunguna, aro ya fi: *asetilkolin*, *aturofin*, *foliyo*.

Za a iya yin suka cewa *ƙwaya* ta riga ta yi nauyi, tana nufin hatsi da magani da ƙwayar cuta da kayan maye. Sukan yana da ƙarfi, kuma *ƙwayar saƙo* ita ce mafi rauni a jerin. An bar ta ne saboda *ƙwayar halitta* ta riga ta zauna a littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo, kuma kafa sabuwar kalma gefe da ita zai ƙara rikici.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Hausa tana da kalmomi tsayayyu na ƙwaƙwalwa da laka da ɓargo, tana da sunayen cututtuka da jama'a suka sani, amma tana fama da cunkoson ma'ana a kalmar *jijiya* da kuma sunayen da suka ɗaure cuta da alama guda. Masana ilimin jiki na duniya sai da suka zauna a Basel a 1895 suka rage dubban sunaye masu karo da juna, suka kuma sake zama sau da dama har zuwa jerin 1998. Irin wannan zama ake buƙata tsakanin masana Hausa na Jami'ar Bayero da likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da ma'aikatan jinya da masu fassara na rediyo. Kafin a buga kowane jeri, ya kamata a kai shi ɗakunan shan magani na Kura da Bunkure da Kumbotso, a karanta wa manomi da unguwarzoma da mai sayar da maganin feshi, a tambaye su abin da suka fahimta. Kalmar da suka mayar da ma'anarta daidai ita za a riƙe. Wadda suka karkatar, ko da ta burge masana, sai a sake mata ƙira.